Ranar da Mai Rodi Ya Ɓalle Katako

Shekara goma sha ɗaya ina shara a babban titi, daga shataletale zuwa gangaren bayan tasha, kuma ban taɓa riga Mai Rodi fitowa ba. In na iso da tsintsiyata da kwandona sai in tarar ya riga ya durƙusa a bakin wata magudana, ya zura rodinsa ciki. Ƙarfe ne da ya fi shi tsawo, an lanƙwasa bakinsa kamar ƙugiya. Yakan caka shi, ya karkata kai, ya saurara. Daga ƙarar kaɗai yake gane ko yashi ne a ciki, ko leda, ko tsumma, ko mushen kyanwa. Mu mata masu shara mukan tsokane shi mu ce, "Baba, yau me kwata ta faɗa maka?" Sai ya ce, "Ta ce in gaishe ku, ku rage mata abinci." Shi ba ya dariya in ya faɗa, mu ne ke yi.

Abincin da yake nufi yashin shararmu ne. Kome za ki yi masa ya haƙura, amma kada ya ga kin tura yashi cikin magudana. Bakunan magudana goma sha huɗu ne a titin, duk ya san halinsu, na bakwai kuwa shi ne ɗan lelensa. Nan titin ya fi lotsawa, nan ruwan gabas da na yamma ke haɗuwa su bi kwalbati su tsallake ta ƙarƙashin kwalta. In ya toshe, ruwan sai ya haura gefen titi ya gangara lungun da ke ƙasa, inda akwai gidaje da shagon tela da wata makarantar ƙananan yara mai aji uku.

Da hannunsa aka haƙa magudanun nan, tun yana saurayi lebura. Shekara talatin da biyu ke nan. Tafin hannunsa ya tsattsage har ba ya iya dunƙule shi sosai. 'Ya'yansa mata duk sun yi aure, saura shi da matarsa mai ciwon gwiwa a ɗaki biyu na haya. A lokacin da nake ba ku labari saura masa wata huɗu ya ajiye aiki ya fara cin fansho, amma akwai takardar gargaɗi biyu a kansa. Ta farko ya samo ta ne don ya fasa simintin da wani mai shago ya liƙe bakin magudana da shi, ashe mai shagon surukin wani babba ne a ofis. Ta biyu kuwa wai ya ɗauki baron ofis ranar hutu ya je yasar kwatar da ba a yankinsa take ba. Ku ji fa laifi. Ta uku in ta zo kora ce, ba fansho ba komai, kuma kowa a titin ya san haka.

Mai kula da mu wani matashi ne da muke kira Yanzu-Yanzu, don bakinsa bai san wata kalma ba. Ranar Litinin ya tara mu ya ce manyan baƙi za su zo daga ƙasar waje, za su bi ta titinmu ranar Alhamis da ƙarfe goma sha ɗaya. Aka kawo masu fenti suka shafe duwatsun gefen titi, baƙi da fari, baƙi da fari. Aka jera tukwanen furanni. Motar da ke kwashe mana shara kuwa aka mai da ta ta jigilar furannin, kwana uku ba mu gan ta ba. Muna shara, yashi na taruwa tsibi-tsibi a gefen hanya.

Laraba da la'asar Yanzu-Yanzu ya zo yana gumi, ya ce kada ya dawo ya ga tsibi ko ɗaya.

Na ce, "Yallaɓai, ina za mu kai shi? Ba mota."

Ya ce, "Wannan kuma ku kuka sani. Yanzu-yanzu nake so ya ɓace."

Ni ce babba a cikin matan, ni suka zuba wa ido. Juji yana da nisa, ƙafafunmu sun kumbura, rana ta kusa faɗuwa. Na duba, Mai Rodi an tura shi shataletale ban ruwan furanni. Na ce, "Ku zuba a na bakwai, ya fi faɗi. Jibi ma kwashe." Ba wanda ya tilasta ni, da bakina na faɗa. Kwando bayan kwando muka juye, har muna dannawa da ƙafa. Muna gamawa sai ga kafinta, wai an ce bakunan magudanun suna ɓata kyan titi. Ya yanka katako ya toshe su duka, masu fenti suka bi da baƙi da fari. Wallahi titin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Har na ji daɗi da na ga an rufe abin da muka yi.

Alhamis gari ya waye da zafi mai ɗanko. Aka raba mana sababbin riguna masu ɗaukar ido, aka ce mu jeru a gefen titi, kowa ya bar kayan aikinsa a sito sai tsintsiya. Mai Rodi ya sa rigar, amma ya zo da rodinsa. Ya bi katakan nan ɗaya bayan ɗaya yana zura shi ta ɗan tsagin da kafinta ya bari. Ina kallonsa yana matsowa, na huɗu, na biyar, na shida. A na bakwai rodin bai shiga ko kamu ɗaya ba. Ya sake cakawa, ya karkata kai. Sannan ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana.

Ya je wurin Yanzu-Yanzu ya ce, "Yallaɓai, na bakwai ya cika har baki. A ba ni rabin awa in buɗe."

"Baba, bayan sun wuce."

"Dubi gabas."

Yanzu-Yanzu ya duba. Hadari ya fara haɗowa can ƙasa-ƙasa, baƙi wuluk. Ya ce, "Na gani. Kada ka taɓa mini katakon nan, Baba. Ka san abin da ke kanka, ni ma ba na son in rubuta."

Sha ɗaya ta yi, ba baƙi. Sha biyu ta yi, ba baƙi. Iska ta taso tana kaɗa furanni, tukunya ɗaya ta faɗi aka ruga aka tashe ta. Mai Rodi yana tsaye kusa da ni, ya dogara rodin a kafaɗa, idonsa ba ya barin lungun nan na ƙasa. Daga inda muke ana jin muryoyin yaran makarantar suna bin malamarsu karatu.

Na ce a hankali, "Baba, wata huɗu fa ya rage."

Ya ce, "Na iya lissafi, 'yar nan."

"Wataƙila ma hadarin ya wuce."

"Wataƙila."

Sha biyu da rabi muka jiyo jiniya daga shataletale, kuma a daidai lokacin ɗigon farko ya faɗo mini a hannu, ƙato, mai sanyi. Mai Rodi ya cire sabuwar rigar, ya ninke ta, ya miƙo mini. Ya taka zuwa na bakwai ba sauri ba gudu, ya sa ƙugiyar rodin ya ɓalle katakon, ƙusoshi suka yi ƙara. Ya ɗaga murfin siminti da ke sama, ya shiga ramin, ya fara watso yashi da hannu biyu. Baƙin yashi ne mai wari, haɗe da leda da ɓawo, yana zuba a kan sabon fenti da kan kwalta. Yanzu-Yanzu ya rugo yana cewa, "Baba, don Allah, Baba," amma babura na gaba sun riga sun iso, dole ya ƙame ya yi murmushi.

Motocin suka rage gudu don su kauce wa tsibin. Na ga wata farar fuska a bayan gilashi ta juyo tana kallon tsoho tsirara daga ƙugu zuwa sama, baƙi ƙirin da laka. Na ga wani babba a mota ta uku ya ɗaga waya ya kai kunne. Sai ruwa ya ɓarke.

Ni kuwa ina nan tsaye, tsintsiya a hannun dama, rigarsa a na hagu. Taku goma ne tsakanina da shi. Kwandona na sito, amma hannuwa ai ina da su. Ban motsa ba, sauran matan ma da suka ga ban motsa ba suka tsaya. Ruwa ya taru har ya shafe farin fenti, ya kai masa ƙirji, yana ta caka rodi a bakin kwalbatin. Can sai muka ji wani gurnani daga ƙarƙashin titi, ruwan ya juya ya fara zurarewa. Kusan awa guda aka yi ana tafkawa, ko cokali bai haura zuwa lungun ba. Da aka ɗauke, iyaye suka zo suka kwashi 'ya'yansu da lema, suna tsallake yashin suna tsaki, wata har tana cewa ma'aikatan nan ba su san aikinsu ba.

Washegari aka kira mu ofis gaban darakta, ni da shi da Yanzu-Yanzu. Darakta bai ɗaga murya ba. Ya ce an kunyata gari a gaban baƙi, kuma abu ɗaya yake son sani, yaya aka yi magudana ta cika haka alhali akwai wanda aikinsa ke nan kullum.

Mai Rodi ya ce, "Magudanar a hannuna take, ranka ya daɗe."

"Wato sakacinka ne."

Yanzu-Yanzu ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. Darakta ya juyo gare ni ya ce, "Ke ce babbar masu shara. Kin san wani abu a kan yashin nan?"

'Ya'ya uku gare ni, ubansu ya rasu, tsintsiyar nan ce abincinmu. Na faɗi haka ne don ku sani, ba don ku yafe mini ba. Na ce, "Ban sani ba, ranka ya daɗe." Kafin azahar an buga masa takarda ta uku.

Sai da na yi mako biyu kafin na iya zuwa gidansa. Matarsa ce ta buɗe ƙofa, tana dafa bango saboda gwiwa. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ke ce mai sharar? Ya ce ke kika tsaya kusa da shi ranar, har kika riƙe masa riga. Allah ya saka miki da alheri, 'yata." Ta kawo mini ruwa a kofi, na karɓa na kasa sha.

Yana zaune a kan tabarma, ya rame. Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, akwai maganar da na zo da ita."

Ya dubi matarsa, ya dube ni, ya ce, "Yaya yaran?"

Na ce, "Lafiya lau."

"Suna zuwa makaranta?"

"Suna zuwa."

Ya ce, "To, madalla. Sha ruwanki."

Na sha. Matar ta raka ni har bakin ƙofa tana sa mini albarka, ta ce in riƙa leƙo su. Ina zuwa kuwa, duk wata, kuma har yau ban gaya mata ba.