Tsintsiyar Gogo da Injin Lado

Katangar da ta raba gidan Magdalina da na Lado direba ba ta ɓoye komai, ko akuya ce ta yi tari a can sai an ji a nan. Saboda haka ran da rigimar ta tashi, bayan an idar da magariba an kawo wuta, Magdalina ba ta sha wahalar kasa kunne ba. Risho kawai ta rage don kada tafasar miya ta hana ta ji.

Wani gurnani ne ya fara tashi, kamar an tayar da injin niƙa a tsakar ɗaki. Sai muryar Gogo, mahaifiyar Lado, ta hau kansa.

"A kashe abin nan. Na ce a kashe shi."

Gurnanin ya mutu.

"Gogo, don ke fa na sayo shi," in ji Lado. "Bayanki nake ji. Kullum kina duƙe da tsintsiya."

"Bayan nawa ne ya kawo maka ƙara?"

"Mutane na magana, Gogo."

"Su yi ta yi. Tun da aka haife ni a Kurfi ban ga gidan da aka yi sharar dare aka kwana da arziki ba."

"Ai shi ba shara yake ba, zuƙa yake," in ji Sakinatu, matar Lado, da muryar nan tata mai laushi da take ajiyewa don suruka.

"Ashe har kin san halinshi. Yaushe ya zo gidan?"

Daga nan sai aka ji ƙarar takalmin Lado ya nufi masallaci tun ba a kira isha ba.

Hasana ne sunan Gogo na yanka, amma duk waɗanda ke kiranta da shi sun riga ta tafiya. A Kurfi aka haife ta, aka yi mata aure a Birchi, can ta yi noma da surfe da haihuwa, can mijinta ya rasu ya bar ta da Lado. Da tsintsiyar kaba ta rene shi. Ita ke tsaga kabar, ita ke ɗaurewa, ranar kasuwar Kurfi ta ɗora a kai. Da aka fara aikin dam a Zobe, a ƙarshen shekarun saba'in, Lado ya samu tuƙin motar turawan aikin, ya kama haya a Dutsin-Ma, ya yi aure, ya ɗauko tsohuwa wai ta zo ta huta. Ta zo da tabarma da buta da dami guda na tsintsiya. Washegarin zuwanta, kafin kowa ya tashi, ta share gidan tun daga zaure har ƙarƙashin randa.

Magdalina, wadda ta zo daga kudancin Zariya take koyarwa a firamare, ta daɗe da gane abin da sharar nan take nufi. Surukar da ta san kanta ba ta shiga ɗakin matar ɗanta haka kawai, kunya ba za ta bar ta ba. Amma mai tsintsiya a hannu ba a tambayarta ina za ta. Kullum da safe Gogo za ta yi gyaran murya a ƙofar Sakinatu, ta shiga a duƙe, ta fito a duƙe, ta riga ta ga sabon zanen da aka sayo da kwalbar turaren da ta ragu. Daga nan ta fita ƙofar gida, ta share har gaban gidan Magdalina, ta gaisa da masu wucewa, ta ji wa ya haihu, wa ya yi yaji. A ganin Gogo, matar da ke share gida gidanta ne. Wadda ake kawo wa tuwo tana zaune kuwa baƙuwa ce, baƙuwa kuma dole wata rana a tambaye ta yaushe za ta koma.

To, a shekarar da turawan suka gama aiki suka yi gwanjon kayansu, Lado ya dawo da kafet shuɗi da injin shara. Ja ne, mai ƙaton tumbi da ƙafafun taya, da dogon hanci irin na giwa. Ya ce tausayin uwa ne, kuma akwai tausayin. Sai dai Magdalina ta ji shi yana ba Garba mai shayi labari cewa duk Dutsin-Ma babu mai irinsa, ta kuma san abin da ya fi cin ransa shi ne abokansa direbobi su biyo da safe su tarar da uwarsa tana sharar titi. Ita ma Sakinatu ba ƙura ce ta dame ta ba. Ɗaki take so wanda za ta rufe.

Abin da Lado bai lissafa ba shi ne wutar unguwarsu ba ta zuwa sai rana ta faɗi. Injin ba ya motsi sai da dare, dare kuwa ba a shara.

Da safe Gogo ta leƙo ta kan katanga, inda suka saba hira, ta taka turmi.

"Malama, kin ji abin da yaron nan ya kawo mani?" Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa.

"Na ji ƙararsa, Gogo. Amma ke da na gani da idona kina share gyaɗar da ta zube bayan isha?"

"Wannan tattarawa ce."

"Da tsintsiya."

"Malama, koyarwa aka ɗauke ki ko alƙalanci?"

Lado bai haƙura ba. Ya kai maganar wurin limamin unguwa, liman ya ce masa sharar dare camfi ne, babu shi a littafi, amma ɓacin ran uwa yana nan a littafi. Ya dawo da rabin farko na amsar ya bar na biyun a masallaci. Sannan ya samo hujjar da ta ɗaure Gogo. Ai ita da bakinta ta sha faɗa cewa in larura ta sa an yi sharar dare, tara ta ake yi a lungu, ba a fitar da ita sai gari ya waye. To injin ma bai fitar da komai ba, a cikinsa take kwana.

Daga ranar, da an kawo wuta sai Lado ya naɗe hannun riga ya ja injin da kansa. Namijin da bai taɓa riƙe tsintsiya ba, ga shi yana cusa hancin giwa ƙarƙashin gado da bayan akwati da gefen kafet, yara na leƙe ta taga. Magdalina tana jin gurnanin ta katanga, wani lokaci har da ƙaras-ƙaras kamar ya haɗiyi tsakuwa. Da safe in Gogo ta yi gyaran murya a ƙofar ɗaki, sai Sakinatu ta amsa daga ciki.

"An share jiya, Gogo. Ki huta."

Falo ma an share. Ƙofar gida kuwa Lado ya roƙe ta don girman Allah ta bari. Aka bar mata tsakar gida, ta share ta har ƙasa ta fara rami. Sauran yinin sai ta zauna a gindin bango, ana kawo mata kunu ana ce mata sannu. Sannun ce ta fi ƙona mata rai. Ta rame, ta daina taka turmi. Wata safiya ta ce wa Magdalina ta ɗaure kayanta, ranar kasuwar Kurfi za ta hau mota, daga can ta samu ta Birchi.

"Gogo, ɗakin naki na can ai kin ce rufin ya zube."

"Ya zube. Amma akwai abin sharewa."

Ranar kasuwar, da hantsi, Lado ya tafi aiki bai san da shirin ba. Makaranta na hutu, Magdalina na wanki, sai ta ji ana jan wani abu a zaure. Gogo ce ta shigo da injin, ta lulluɓe shi da zane kamar akuyar sata.

"Yarinyar na barci. Kwanan nan ba ta da aiki sai barcin hantsi. Ke da kika zauna da 'yan mishan, buɗe mani cikinshi. Ina so in ga inda yake kai sharar kafin in tafi."

"Ba a taɓa zazzage shi ba?"

"Zazzage mi? Yaron nan ya ce narkar da ita yake."

Magdalina ta danne dariya, ta ɓalle maɓallin, ta zaro wata jakar yadi da ta kumbura ta yi tauri kamar buhun siminti. Suka shimfiɗa tsohuwar tabarma suka juye. Ƙura ta tashi, suka yi ta atishawa. Da ta lafa, Gogo ta tsuguna, ta zaro tsinke ɗaya daga tsintsiyar Magdalina, ta fara tonawa.

Ƙayar kifi ta fara fitowa, ba kaɗan ba.

"Kifin Zobe," in ji Gogo. "Soyayye. Ni kuwa tun sallah miyar kuka nake sha, ana ce mani gari ya yi tsada."

Sai guntun takarda mai maiƙo da yaji, irin ta mai tsire. Sai takardun alawa. Sai guntayen taba sigari, an murƙushe su da kyau. Gogo ta ɗaga ɗaya a kan tsinke ta daɗe tana dubawa.

"Wanda ya rantse mani ko warinta ba ya so. Shekara nawa ina share ɗakin nan, Malama, ban taɓa ganin ko ɗaya ba."

"Suna turawa ƙarƙashin gado kafin ki shigo. Bayanki ba ya kai ki can."

"Shi kuwa wannan yana kaiwa," in ji Gogo. Ta kalli injin, karon farko ba da harara ba.

Can ƙasa ta tarar da abin da ke yin ƙaras-ƙaras. Ƙwallayen tsamiya ne, an tsotse su tas, da ɓarɓashin farar ƙasa mai shatin haƙori. Gogo ta tattara su a tafin hannu. Ta yi ta jujjuya su har Magdalina ta ɗago ta dube ta.

"Tsamiya da farar ƙasa da barcin hantsi," in ji tsohuwar a hankali. "Ciki ne da ita. Na fari ne, kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba sai ya fito ya faɗi kanshi." Ta share ido da gefen mayafi, ta ce ƙurar ce. "Da yanzu ina Birchi, wa zai dafa mata ruwan wanka? Shi? Da injin?"

Motocin Kurfi suka cika suka tashi ba ita.

Da magariba Magdalina ta sake rage risho. Ta ji Gogo ta kira su biyun, muryarta a sanyaye kamar mai wa'azi.

"Na yi tunani. Abin nan ba laifi gare shi. A riƙa sharewa kullum, a shiga da shi ko'ina, kada a bar lungu."

"Alhamdu lillahi," in ji Lado.

"Sai dai sharar da ta kwana, babba ke fitar da ita da safe. Haka muka taras. Ni zan riƙa zazzage shi."

"Zazzagewa kuma?"

"Yau ma na zazzage. Af, in an sayo kifi gobe a cire mani ƙaya, haƙorana ba kamar naku ba. Ke kuma ki rage farar ƙasar nan, tana hana bayan gida. Kai kuma, abin da kake murƙushewa a ƙafar gado, mu yi maganarshi mu biyu."

Sannan aka ji Sakinatu ta ruga ɗaki ta ja ƙofa.

Kafin watan ya ƙare, Sakinatu ce ke cewa ƙarar injin na sa mata ciwon kai, ko a sayar da shi. Lado ya ce shi ma ya lura yana shan wuta. Gogo ta ce abin da aka sayo don bayanta ba a sayar da shi tana raye. Ta ɗinka masa riga da tsohon zanenta, ta mayar da shi ɗakinta yana kwana gefen buta. Da an kawo wuta ta turo shi falo, ta zauna tana nuna wa Lado inda ya tsallake. Kifi ya fara isowa gindin bango. Aka haifi yarinya, aka sa mata Adama, Gogo ta yi wankan jego ta yi goyo, duk da haka ba ta taɓa fashin zazzaga ba. Injin ya yi shekaru yana aiki. Da jakar ta yage ta ɗinke ta da zaren buhu.

Wata rana da safe Magdalina ta same ta a ƙofar gida, ta juye jakar a kan faifai tana tonawa, Adama na barci a bayanta. Magdalina ta ce ɗanta Kefas, wanda ya fara aiki a Kaduna, ya aiko cewa ya ga irin injin a kanti, yana so ya sayo mata.

"Gaskiya nake so, Gogo. Yana da amfani, ko in ce ya bari?"

Gogo ba ta ɗago ba. Ta juya wani abu da tsinke, ta kai hanci ta sansana.

"Sharar dai tsintsiya ta fi shi. Kefas ɗin ya yi aure?"

"Tukuna."

"To ki ce mashi ya dakata. Gidan da ke kaɗai ce a ciki, mi zai gaya maki?"