Mutumin da Ya Shigo da Ruwa Zauren Kwamfutoci

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, bayan azahar kaɗan, Allah Ya karɓi ran ƙanina kuma abokin aikina, babban injiniyan sanyaya na'urori a cibiyar adana bayanai inda na yi aiki kafin a sallame ni. Ciwon zuciya ne, bai yi doguwar jinya ba. Dukanmu na Allah ne, kuma can za mu tarar da shi. Ba ciki ɗaya muka fito ba, amma Yaya yake ce mini, ni kuma Mai Famfo nake ce masa kamar kowa a wurin aiki. Da wannan suna zan kira ka yau, domin shi ka fi saurin amsawa.

Wanda bai taɓa shiga irin wannan wuri ba, ya ƙaddara dogon zaure ne marar taga, an jera dogayen akwatunan ƙarfe sahu-sahu, kowanne ya fi mutum tsayi, cikinsa kwamfutoci ne an ɗora wata kan wata. Ba sa hutawa, kuma duk wutar da suka sha zafi take komawa. In zafin ya taru sai su tsaya, ajiyar jama'a ta tsaya tare da su. Aikinmu shi ne kwashe wannan zafi.

A zamanina iska muke hurawa. Ni na koya maka yadda ake juya akwatunan su fuskanci juna, sanyi ya shiga ta gaba, zafi ya fita ta baya, da yadda ake rufe duk gurbin da babu na'ura don kada iskar biyu ta gauraya. Na yi karatun wannan fanni har na ƙoshi, takardun suna nan ƙasan akwati kyankyasai suna karanta su. Da sababbin masu kamfani suka zo suka ce sabon jini suke so, aka haɗa mini ɗan taro, aka miƙa mini agogon bango, wai in riƙa duba lokacin da ba ni da abin yi da shi. Ranar na rantse ƙafata ba za ta sake taka wurin ba. Wayata ta yi shiru kamar an binne ta. Kai kaɗai ka ci gaba da zuwa.

Kowace Asabar kana ƙofar gidana da takardar zane a hammata, wai wani lissafi ya gagare ka. Na san ka san amsar, Mai Famfo. Ka san na sani. Amma sai ka zauna ka bar ni ina faɗa ina gyara maka, har in manta cewa an yar da ni. Kafin ka tafi kuma sai ka shiga kicin ka janye firjina daga jikin bango, kana cewa na hana shi numfashi. Maiɗakinka ta ce haka kake yi a kowane gida, har gidan surukanka, shi ya sa ta daina jin kunya ta koma dariya.

Sai ga sababbin kwamfutoci, masu cin wuta ba ƙaƙƙautawa, akwati ɗaya yana fitar da zafin da a da sahu guda ke fitarwa. Ka ce iska ta gaza, ko an cika zauren da fankoki. Ka ce a shigo da ruwa: a cire ƙofar bayan kowane akwati, a sa wata mai siraran bututai a ciki, iskar zafi ta ratsa su ta bar zafinta a ruwa, famfo ya tura ruwan saman gini ya huce ya dawo. Mu da muka taso a kan cewa ruwa da na'ura ba sa haɗa ɗaki, muka ce ka zautu. Ni kaina na yi maka musu har muryata ta dushe. A wurin aiki suka ce an kawo musu mai gyaran famfo, ka karɓi sunan ka rataya a wuya. Aka gina zauren, ya yi aiki, kuma ya fi duk abin da na taɓa ginawa.

Abu ɗaya ne ya hana ka sakat. Ruwanka ba mai sanyi ƙarara ba ne, don haka zauren ba ya sa mutum rawar ɗari. Su kuwa manya sun saba a tari baƙo a ƙofa da rigar sanyi, ya shiga yana kakkarwa, ya fito ya gamsu cewa ajiyarsa na hannu nagari. Manaja ya ce ka ƙara wa ruwan sanyi. Ba ka yi gardama ba. Ka shiga taro da kwalbar ruwa daga firji, ka ajiye ta kan takardunsa, ka shiga yi masa bayanin wani abu daban har kwalbar ta yi gumi, tawada ta narke. Sannan ka ce, “Ranka ya daɗe, wannan kwalba ɗaya ce. Can ciki, bututu ne a jikin kowace na'ura.” Aka bar maganar. Da ka ba ni labari na yi dariyar da na daɗe ban yi ba. Ka ce in zo in ga zauren da idona. Na tuna maka rantsuwata, ka ce, “Yaya, kai dai zo. Kaffarar tana wuyana.”

A zaman makokinka sabon manaja ya zo, domin wancan an ɗauke shi daga wurin. Ya yabe ka da kalmomin da ake yabon kowa da su. Ba a tashi daga tabarma ba na ji yana gaya wa mataimakinka cewa manyan baƙi na tafe, a sa zauren ya yi sanyi yadda ya kamata. Ban yi mamaki ba. Na daɗe da sanin cewa a wuraren nan ilimi yana bin mai shi kabari, umarni kuwa ba ya mutuwa. Mataimakinka mutum ne nagari, amma yana da iyali, kuma ya ga abin da aka yi mini. Da yamma maiɗakinka ta sa aka kira ni. Ta ce, “Yaya, ya sha faɗa mini, in aka taɓa ruwan nan bayan ransa, kai za a nema.”

Na je, Mai Famfo. Mai gadi bai gane ni ba, sai da mataimakinka ya fito ya shigar da ni. Na zagaya bayan sahu na ɗora tafin hannuna kan ƙofarka. Iska mai laushi ke fita, bututan a bushe ƙayau, famfunan na gunji a hankali. Ba ni da haƙurinka, ban ɗauki kwalba ba. Na gaya wa manajan a gaban mutanensa cewa ranar da ya sauke zafin ruwan nan, bututan za su yi gumi su ɗiga cikin kayan mutane, kuma in baƙinsa na son rawar ɗari ya kai su wurin masu ƙanƙara. Fuskarsa ta canza. Mataimakinka ya samu bakin magana, ya kawo ma'aunai ya nuna. An bar ruwan yadda ka saita shi. Ban yarda da su ba, kuma ba zan fara yarda da su da furfura ba, amma sun san yanzu akwai tsohon da ba shi da aikin da za a kore shi daga kai. Muddin ƙafata na ɗaukata, ba mai taɓa ruwan nan.

Kaffarar da ka ce tana wuyanka, ka tafi ba ka yi ba. Ni da kaina na ciyar da miskinai, na kuma roƙi Allah Ya rubuta maka ladan.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka Ya sanyaya shi, Ya shayar da kai daga ƙoramun Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, da 'ya'yanka, da mahaifiyarka da ta ga wannan rana da tsufanta, da abokan aikinka. Allah Ya ba su juriya, Ya tsaya musu a kan abin da ka bari. Mu da muka rage, Allah Ya sa mu cika da imani.