Kiɗan da Ya Riga Haihuwa

Ni dai tun ina yaro kunnena ya fi cikina kwaɗayi. Zan iya kwana da gari da ƙuli ban ce uffan ba, amma in ji kalangu yana fitowa daga rediyo kamar ana buga gwangwanin madara, wannan kam yana ɓata mini rai. Shekaru na yi ina fama da wata 'yar sifika a shagona na kayan babur da ke Magama, dab da shingen iyaka, ina cewa wata rana dai.

Ranar ta zo ne lokacin da matata ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Maraɗi. Cikin fari ne, kuma duk unguwa an san watanta ya tsaya. Gida ya yi mini faɗi. Sai abokina, direban da ke jigila tsakanin Jibiya da Maraɗi, ya ce ya ga wata amfilifaya, na'urar ƙara sauti, da manyan sifikunta a wajen masu kayan gwanjo, irin wadda mutanen can ke kira amfili. Ya ce nauyinta kaɗai ya isa shaida. Na ce ya kawo.

Da la'asar ya tsaya a ƙofar gidana, muka sauke kwalin mu biyu muna nishi. Don murna har na rungume shi a bakin titi, abin da ban taɓa yi ba. Ɗakina ƙarami ne, saboda haka na fito da manyan sifikun tsakar gida, na haɗa wayoyi da batirin sola, na sa wani tsohon kiɗan biki da na sani tun ina ƙarami.

Na zaci na san kiɗan nan, ashe rabinsa nake ji. A ranar na fara jin yatsun makaɗi suna matsa tsarkiyar kalangu, na ji mawaƙi yana jan numfashi, can baya kuma wata mata tana dariya. Daɗi ya kama ni har idona ya kawo ruwa. Na ƙara murya, na sake ƙarawa.

Abin da na manta shi ne a wajenmu ba a jin kiɗa mai ƙarfi daga gidan mutum haka kawai. Ko aure, ko haihuwa. Ga shi an ga direban Maraɗi ya zo, an ga na rungume shi. Maƙwabciyata, wata dattijuwa mai sayar da ƙosai, ita ta fara sallama.

"Barka, barka. Mi anka samu, mace ko namiji?"

Na nuna mata amfilifaya. Ta dube ta, ta dube ni, ta ce Allah ya shirye ni, ta fita. Muka yi dariya da abokina, na ɗauka magana ta ƙare. Ban san wani ɗan acaɓa ya riga ya ɗauki labarin ya nufi Bugaje da shi ba, inda mahaifiyata take.

Inna ba ta riƙe waya. Cewa take ba ta magana da wanda ba ta ganin fuskarsa. Don haka washegari da hantsi sai ganinta na yi a ƙofa, da ƙullin gero, da kanwa, da yajin jego da ta kwana biyu tana tanadi. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, amma ban taɓa jin muryarta ta yi sanyi haka ba.

"Ashe a bakin ɗan acaɓa zan ji," in ji ta. "Mutanen Maraɗi sun sani, masu ƙosai sun sani, har da kiɗa. Ni da ke ƙauye, sai in an tuna."

Nan dariya ta ƙare mini. Na rantse ba a haihu ba, na nuna mata kwali, na nuna wayoyi. Ta ce mutum mai hankali ba ya tara wa unguwa kiɗa don ya sayi ƙarfe. Gaskiyarta ce.

Da na rasa yadda zan yi, sai na kira matata, na jona wayar da amfilifayar don kunnen Inna ya ɗan yi nauyi. Muryar ta cika tsakar gida tamkar tana zaune a kan tabarma. Inna har ta waiga ƙofar ɗaki.

"Ɗiyata, ke ce? Kin sauka?"

"Inna, ina kwana. Wallahi ina nan da kayana, ko sunkuyawa ban iyawa."

Inna ta fashe da dariya har tana share ido da bakin mayafi. Ta ce wa surukarta ta yi haƙuri, ta auri yaro.

Na zaci za ta koma da yamma. Ina! Ta shimfiɗa tabarmarta ta ce tana nan har a sauka. Ta kafa doka biyu: ba kiɗa, kuma wayata a hannunta za ta zauna. Matar da ba ta magana da wanda ba ta gani, ga ta da waya ƙulle a bakin zane. Kwastomomina suka sha kira suna jin tsohuwa tana tambayarsu ko daga Maraɗi ne. Ni kuwa in dawo daga shago in share ƙurar amfilifaya, in zauna ina kallonta kamar mai azumi a gaban tuwo.

Wata safiya ina cikin auna wa wani man inji, na hango ta tafe da sauri, takalmi ɗaya nata ɗaya nawa. Ta tsaya a bakin shago tana haki. Ba ta dube ni ba, kwalaben mai ta duba.

"An sauka lahiya. Namiji ne, na samu miji," ta ce. "Ni anka hwara gaya ma."

Na zauna a kan tayar babur. Ta miƙo mini wayata.

"Kai wanga, tashi ka tahi gida ka kunna abin nan naka. Ka ƙure shi, a ji har Bugaje."