Ajuma da Rairayin Tsakar Rana

A wata ruga da ke bayan garin Sukukutane Ajuma ta yi rayuwar aurenta, nesa da danginta. Mai sayar da nono ce. Mijinta Sambo yakan bi shanu har rani ya ƙare, ya bar ta da ɗiyarsu Nana.

Tun tana budurwa, duk wata idan al'adarta ta zo, mararta takan murɗa kamar ana matse wanki. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, don a gidansu an hore ta cewa mace ba ta raki. Wata rana ciwon ya kayar da ita a hanyar kasuwa, ta kifa cikinta kan rairayi mai zafi, sai ta ji ya lafa. Daga nan duk wata takan je bayan tudu da tsakar rana ta kwanta.

Masu itace suka gan ta kwance a lokacin da ake cewa iskoki na yawo. Magana ta bazu cewa doguwa ce ke kiran ta. Mata suka daina zama kusa da ƙwaryarta, wurin biki a bar mata tabarma ita kaɗai. Kunya ta hana ta bayani, shekaru suka wuce a haka.

Da Nana ta girma, wata safiya Ajuma ta tarar da ita duƙe bayan bukka, riƙe da mara.

"Mi ya same ki?"

"Ba komi, Inna. Zan je bayan tudu, kamar yadda kike yi."

Ajuma ta tare mata hanya. Idan aka ga yarinyar can, sunan da ya bi uwa zai bi ɗiya.

"Zauna nan, uwar gaggawa. Tudun gadon ubanki ne?"

Ta ɗebo rairayi, ta ɗumama a kasko, ta ƙulle a tsohon zane, ta ɗora mata a mara. Sannan ta faɗa wa Nana abin da ita kanta ba a faɗa mata ba tana budurwa.

"Ba iska ba ce, mahaifa ce ke matsewa don jini ya fita. Ɗumi na sassauta ta. Ran kasuwa mu je likita, su ba ki magani, su duba in ya yi yawa."

Har yau akwai masu kauce wa ƙwaryar Ajuma. Nana kuwa, tare da ƙawayenta take zuwa rijiya.