Amfin Auta da Ƙaho Uku

Shekarun baya, a wata damina da ruwa ya ɗauke mana tun gero yana gwiwa, ƙanena yana ajiye kayan kiɗansa a zauren gidana a Gangara. Shi ne autanmu. Ya je Maraɗi neman abinci, ya dawo da jita irin ta Buzaye da wani baƙin akwati mai ƙara mata sauti, wanda yake ce wa amfi. Mahaifinmu kuwa ladan ne, tun kafin a haife ni shi ke kiran sallah a unguwarmu. Ranar da ya ga jitar ya ce ba a gidansa ba. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Ya dai daina yi wa Auta magana, sai amsa gaisuwa a taƙaice, idonsa na kan carbi. Maigidana ne ya ce a kawo kayan wurinmu, da sharaɗin kada a taɓa su kusa da lokacin sallah.

Shekarar ta yi tsanani. Ganyen gero ya nannaɗe kamar igiya, Fulanin da ke bayan gari sun fara maganar kora shanu kudu, samari kuma kullum sai ka ji wane ya tafi ci-rani tun kaka ba ta zo ba. Wa zai yi biki balle ya kira makaɗi? Biki ɗaya ne aka gayyaci Auta, a Bafarawa, kuma a kansa ya ɗora komai. Ya ce in ya yi kyau za a san shi, ya zauna gida ya ci da jitarsa. In bai yi ba, zai bi sauran samari.

Sai ga sifikar da ke cikin amfin, wadda sauti ke fitowa daga gare ta, ta yage. Yana taɓa tsirkiya sai ka ji kamar ƙuda a cikin gwangwani.

Bokonsa bai yi nisa ba, don haka ya kwance bayan akwatin ya kira ni. "Yaya, zo ki yi muna amfani da sakandarenki. Mi anka rubuta nan?"

Na tsuguna na karanta masa. A jikin amfin an sa wat sittin, om takwas. A bayan yagaggiyar sifikar kuma wat talatin.

"Ka ji!" in ji shi. "Wanda ya sai min ya cuce ni. Ƙarama ya sa ciki."

Ni da iyayina na ce, "To ka sawo ƙatuwa mana, mai faɗin faifai, a ji ka har Sabon Birni."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Yaya ke nan, injiniyar madafa! Ba faɗi a ka dubi ba. Wat ɗin sifika shi ɗara na amfi, kamar yadda tukunyarki ka ɗara tuwon da ke ciki. Om kuwa dole shi zo daidai. In ya yi ƙasa da takwas, kamar kin labta ma jaki kayan raƙumi ne. Zai tahi, amma ba ya kai gida."

Ya sayar da tunkiyarsa, a lokacin da dabba ba ta da daraja, ya hau mota zuwa Isa. Zuwan farko ya dawo hannu wofi. Wai mai shagon ya nuna masa wata ta mota, mai ƙyalli, om huɗu, ya rantse masa duk ɗaya ne. Auta ya ƙi. Na yi masa tsiya na ce ko mata zai zaɓa ai ya isa haka. Sai a zuwa na biyu ya samo wadda yake so, om takwas, wat ɗari, baƙa wuluk ba ado.

Bayan la'asar ya ɗaura ta, ya tayar da ɗan janaretan maigidana, ya kaɗa a hankali. Ina tankaɗe a tsakar gida, sai na tsinci kaina na ajiye rariya. Sautin ya fito tas, mai sanyi, kamar ana zuba ruwa a sabon tulu. Na yi istigfari, amma ban ɗauki rariyar ba sai da ya gama.

A makon nan aka yi shelar sallar roƙon ruwa. Na'urar masallaci kuwa ta daɗe da lalacewa, ƙahonin lasifika uku ne kawai suka rage a kan soro. Muryar Baba kuma ta tsufa, ko sahu na uku ba ta kaiwa.

Ina shara da hantsi na ji sallamar Baba a zaure. Auta na ciki yana goge jita, ya yi sauri ya tura ta bayan tabarma. Na kawo ruwa na tsaya bakin ƙofa.

Baba ya daɗe yana kallon akwatin. Sannan ya ce, "Auta, abin ga naka, shina ɗaukar muryar mutum?"

Rabon da ya kira shi Auta har na manta.

"Shina ɗauka, Baba."

"Liman ya ce ni za ni ja addu'a gobe. So nike a ji har sahun mata, har rugar Hilani. Ƙaho ukkun nan duka za ka sa."

"To, Baba."

Da ya fita na ce, "Ai ka ce om dole ya zo daidai."

Ya ce kowane ƙaho om takwas ne. In ya haɗa su kai ɗaya, lambar za ta faɗi ƙasa da uku, amfin ya yi zafi. Akwai wani ɗaurin da ba zai wahalar da shi ba, amma murya za ta yi ƙasa, ba za ta kai ruga ba.

"To ka gaya mai gaskiya. Ko ka sa ɗaya."

"Yaya, yau ɗai ya roƙe ni abu. In ce mai ɗaya?"

"Bikin Bafarawa fa?"

Ya jawo akwatin gabansa. Ya ɗauki sukudireba ya cire wayar sabuwar sifikarsa.

Da safe gari duka ya fita filin idi, tsofaffi da yara, har da awaki masu haƙarƙari a waje. Ina can baya cikin mata. Bayan sallah aka juya riguna da mayafai, sai muryar mahaifina ta tashi. Wallahi ban taɓa jin ta haka ba. Ta cika filin, ta wuce gonaki, har rawar da ke cikinta ana ji. Wata tsohuwar Bafulatana kusa da ni ta fashe da kuka. Daga nesa ina hango Auta a tsugune gefen akwatin, yana yi masa fifita da hularsa.

Ana tsakiyar addu'a muryar ta fara shaƙewa, sannan ta yanke. Wani siririn hayaƙi ya tashi. Baba bai sani ba, idonsa a rufe, ya ci gaba da roƙo a makirfon da ya mutu. Mu na baya muka ci gaba da cewa amin, muna bin amin ɗin na gaba.

Da yamma Baba da kansa ya ɗauko akwatin a ka ya kawo zaurena, ya ƙi bari kowa ya karɓa.

"Ana gyara shi?"

"Ya ƙone ƙurmus, Baba."

"Ka san zai ƙone?"

"Na sani."

Baba ya zauna a kan tabarma. Hannunsa ya taɓa wuyan jitar da ta leƙo, bai janye ba. Can ya ce, "Allah shi yi ma albarka," ya tashi ya tafi sallar magariba.

Ruwa bai zo ba sai da gero ya riga ya mutu. Allah ba a yi masa tilas, mun roƙa, Shi ya san abin da ya tanada. An yi bikin Bafarawa da kalangu. Kafin kaka Auta ya sayar da jitar ya yi kuɗin mota zuwa Agadas, kuma yana can Baba ya rasu.

Na daɗe ina tambayar kaina ko da na bi Baba waje na gaya masa amfin zai ƙone. Na san da ya ce a sa ƙaho ɗaya, da Auta ya je bikinsa. Amma yanzu na fi yarda cewa yaron ya san abin da yake saye, kuma ba hurumina ba ne in hana shi.

Yau Auta magini ne, da iyalinsa a can Agadas. Sifikar tana ɗakina, a naɗe cikin tsohon zane a bayan kwanuka. Zuwansa na ƙarshe na ciro masa ita. Ya danna takardar fuskarta da babban yatsansa da siminti ya farfasa, ta lotsa ta dawo.

"Lahiyatta lau, Yaya," ya ce. "Abin da zai tura ta ne babu."

Na karɓa na mayar da ita cikin zanen.