Matar da Ba a Kira Ba

Tun bakwai na safe tana zaune a ƙarshen dakalin asibitin unguwarmu a Zinder, inda nake taya awon jarirai tun da na gama karatu. Bafulatana ce doguwa, ƙafafunta sun yi furu-furu da tafiya, da alama daga rugagen bayan Dakusa take. Jaririnta na kan cinya, tana yi masa fifita da karnensa, wato katin awo.

A nan kowace uwa kan ajiye karne a taga, a bi jeri ana kira. Matan gari sun san haka. Ita tana riƙe da nata, tana ɗaga kai duk sunan da aka kira. Sau uku ina wuce ta. Na ɗauka wani take jira.

Wajen azahar ta taso, ta miƙa wa Madam Balki, ungozomarmu, yaron da hannu biyu. Madam ta daɗe da hannu a ƙirjinsa.

"Baiwar Allah, sai haƙuri." Ta juyo gare ni, murya ƙasa-ƙasa. "Kin gani, Sadiya? Mutanen daji kullum a makare suke zuwa. Shi ya sa suka fi mu binne jarirai."

Na kasa ce mata matar ta riga kowa zuwa.

Bafulatanar ba ta yi kuka ba. Ta goya shi, ta rufe masa kai, wataƙila don kada direban mota ya gane ya rasu. Ta nufi tasha tana ɗan bubbuga bayansa.