Rigunan Baba Masu Lambar Waya

Baba ya yi rayuwarsa yana dillancin shanu a karar Dei-Dei. Da ƙarfinsa ya ragu na ɗauko shi da Inna suka dawo gidana a Orozo. A nan mantuwa ta fara kama shi. Da farko sunayen jikoki ne ke kuɓuce masa, daga baya sai ya riƙa buɗe ƙofa da hantsi ya fita, wai ya makara zuwa kara. Ni kuwa ina ofis a cikin gari, Inna ga ciwon gwiwa. Wata rana sai bayan la'asar aka same shi a hanyar Karshi, zaune a gindin mangwaro, ƙafafunsa duk sun kumbura.

Mun gwada sa masa takarda a aljihu, ya yar. Amma na lura saboda zafi yana wuni da ti-shat da wando ne, kuma da su yake fita. Shi ya sa ranar wata Asabar na je shagon masu buga rubutu a riga a Nyanya.

Mai shagon Bayarabe ne, yana jin Hausa irin ta Abuja. Na ce riga biyu nake so. Da ya faɗi kuɗin sai na ɗauki jakata.

"Hajiya, zauna mana," in ji shi. "Ba riga ne yake da tsada ba, shirya allon bugawa ne. Ko ɗaya za a buga, ko cike da buhu, aikin allo ɗaya ne. Ki yi dozin, zai sauka."

Ya bayyana mini sauran: kowane launi da kuɗinsa, gaba da baya kuɗi biyu ne, yadi mai kauri ya fi na kamfen tsada amma ba ya saki a wanki. Mun daɗe muna ciniki. A ƙarshe na tsaya a dozin, yadi mai kauri, rubutu baƙi a baya kawai. Sannan ya miƙo biro ya tambayi sunan ƙungiyar.

Na ce ba ƙungiya ba ce. Na rubuta masa da Hausa da Turanci: Ina da mantuwa, don Allah a kira 'yata. Sai lambar wayata a ƙasa.

Ya karanta a hankali. Sai ya tambaye ni ko Baba siriri ne ko mai jiki. Ya kuma ce a ƙara wa lambar girma, yadda mai babur zai iya karantawa daga nesa. Wannan bai ƙara mini ko sisi a kai ba.

Abin da na fi tsoro shi ne ranar ba shi rigar. Baba mutum ne mai kiyaye girmansa, rigar 'yan siyasa ma bai taɓa yarda ta hau jikinsa ba. Ba ya karatun boko, don haka da na so sai in ce ado ne. Amma da ya juya rigar ya ɗora yatsa a kan rubutun, ya ce, "Mene ne wannan?" sai na kasa.

"Lambar wayata ce, Baba. Idan ka fita ka rasa hanya, sai a kira ni."

Inna ta daina tsince shinkafar da ke gabanta. Can sai ya yi dariya, irin wadda muka daɗe ba mu ji ba.

"Wato shaida kika yi mini, kamar bijimi."

"Haka ne, Baba."

"To ai ni jan fenti nake sa wa nawa. Baƙi ba ya fita a jikin saniya idan yamma ta yi." Ya ɗaga hannuwansa sama kamar ƙaramin yaro, na zura masa rigar. Ranar ya ba jikokinsa labarin yadda ake gane shekarun bijimi daga haƙoransa, bai yi tuntuɓe a kalma ko ɗaya ba.

Rigunan sun yi aikinsu. Mai shayi ya taɓa kira, wata mai gasa masara ma ta kira. Wanda na fi tunawa shi ne wani mai keke napep da ya bugo ina tsakiyar taro a ofis.

"Hajiya, ga tsohonki a kekena. Ya ce in kai shi Dei-Dei, wai motar shanu ta iso."

Na roƙe shi ya kai shi gida, na yi masa kwatance.

"Zan kai shi," ya ce. "Amma bari mu ɗan zaga tukuna, yana jin daɗin iskar."

Da na dawo na tarar da Baba a tabarma, Inna tana shafa masa man zafi a ƙafa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce yaya kasuwa.

"Ba ciniki yau," ya ce. "Amma direban yaron kirki ne. Ki zuba masa tuwo idan ya dawo."